Neman dalilin gajiya da rashin barci a wani lab na Katsina: abin da ya iya da abin da ya gagare shi

A 'yan shekarun nan ɗakunan gwajin jini masu zaman kansu, waɗanda kowa yake kira lab, sun yawaita a birnin Katsina, kuma da yawansu sun fito da tsarin duba lafiyar jiki gaba ɗaya, inda mutum yake biyan kuɗi a dunƙule a yi masa gwaje-gwaje da dama a zama guda. Wanda zan yi bayani a kansa yana wajen Ƙofar Ƙaura, a ƙasan wani bene, kuma ni da uwargidana muka je shi saboda gajiyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa da kuma barcin da ba ya wartsakar da mu. Hukuncina shi ne wurin ya ci kuɗinsa, sai dai abin da ya fi amfani a cikinsa ba ya cikin dunƙulen da suke tallatawa, sannan akwai gwaji ɗaya a cikin dunƙulen da ya kamata a ce sun cire shi tuntuni.

Suna buɗewa da ƙarfe 7 na safe, kuma wannan yana da muhimmanci, domin gwajin sukari yana bukatar mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba, ruwa kawai zai sha. Wanda ya kwana da yunwa ba ya son a ajiye shi a benci har hantsi ya ɗaga, kuma ba su ajiye mu ba. A jikin bango akwai takardar rajistar Majalisar Kula da Kimiyyar Gwaje-gwajen Lafiya ta Nijeriya, wadda ita ce hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan wurare, kuma ina ba kowa shawara ya ɗaga kai ya nemi wannan takarda kafin ya miƙa hannunsa a kowane lab. Akwai labule da ya raba wajen mata, kuma mace ce take ɗibar jininsu. Ma'aikacin da ya ɗebi nawa ya yage ledar sirinji a gabana, ya rubuta sunana a jikin kwalbar tun kafin ya soka allura, ya juyo da ita ya ce, "Malam, duba ka gani, sunanka ne?" Wannan ɗan abin ya kwantar mini da hankali fiye da kowace takarda, domin musanya kwalabe kuskure ne da ba a gane shi sai an ɗora mutum a kan maganin ciwon da ba shi da shi. Suna da sola, saboda haka firijin da suke ajiye sinadarai ba ya tsayawa idan an ɗauke wuta.

Kukanmu ya sha bamban. Uwargidana takan ji jiri idan ta miƙe da sauri, numfashinta yakan yi sama idan ta hau matakala, kuma da daddare ƙafafunta sukan dame ta da wani irin tsami da motsi daga ciki, wanda ba ya lafawa sai ta motsa su ko ta tashi ta taka. Ni kuwa da na sa haƙarƙarina a katifa barci yake ɗauke ni, amma ina tashi fitsari a kai a kai, in wayi gari da ciwon kai da busasshen maƙogwaro, bayan sallar Azahar kuma gyangyaɗi ya kama ni a ofis ko da akwai mutane a gabana. Kafin mu je lab ɗin, amsar da muke samu a shagunan magani iri ɗaya ce ga mu biyun, wato maleriya da taifod, sai kuma kwalbar maganin ƙarin jini.

Gwajin yawan jini shi ne ya fi fitowa da amfani a cikin dunƙulen. Ba su tsaya a PCV kaɗai ba, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka ɗauka a cikin jini, kamar yadda ƙananan wurare suke yi, sun fitar da hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, da girman jajayen ƙwayoyin jini da adadin fararen. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar namiji a matsayin mai ƙarancin jini idan hemogulobin ɗinsa ya gaza giram 13 a kowace desilita, mace kuwa giram 12, mai ciki giram 11, kuma wanda ya saba da PCV zai iya ninka waɗannan alƙaluma sau uku ya sami kwatankwacinsu. Nawa ya fito lafiya lau, abin da ya nuna cewa duk kwalaben ƙarin jinin da na sha ba su da wani aiki a jikina. Na uwargidana ya gaza 12, ƙwayoyin kuma ƙanana ne, wanda yake nuni ga ƙarancin sinadarin ƙarfe. Don a tabbatar sai an auna feritin, wato ma'ajiyar ƙarfen jiki, kuma wannan gwajin ba ya cikin dunƙulen, sai mun sake biya. A ganina wannan gibi ne, domin mace tana iya fama da kasala da wannan damuwar ƙafafu da daddare alhali hemogulobin ɗinta bai faɗi ba tukuna, ma'ajiyar ce kawai ta ƙare. Wurin da yake tallata kansa ga masu fama da gajiya, a garin da mata suke haihuwa kusa da kusa suna kuma shayarwa, bai kamata ya mai da feritin abin zaɓi ba.

Sakamakon sukari yana fitowa nan take. Nawa ya faɗa tsakanin miligiram 100 da 125 a kowace desilita, wato matakin da bai kai ciwon suga ba, wanda ake fara lissafawa daga 126 ga wanda bai ci komai ba, amma ya wuce na mai cikakkiyar lafiya. Ciwon suga yana cikin manyan abubuwan da ke haɗa gajiya da katsewar barci, domin idan sukari ya haura kimanin 180 a cikin jini, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwa tare da shi, sai mutum ya kwana yana zarya tsakanin banɗaki da randa. Ma'aikacin ya yi mini tayin gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, kuma kafin ya rubuta shi sai da ya tambaye ni ko ina da sikila, domin wannan gwaji ba ya faɗin gaskiya a jinin mai sikila ko mai tsananin ƙarancin jini. Wannan tambayar ta nuna mini cewa mutumin ya san aikinsa. Gwajin ƙoda da na hanta, da na ciwon hanta nau'in B, duk suna cikin dunƙulen, kuma sun dace da wurin, tunda ciwon ƙoda da na hanta sukan daɗe suna cin mutum ba tare da wata alama ba sai kasala. Na maleriya kuma da madubin hangen ƙwayoyin cuta suka yi shi, kuma ba a ga komai ba a jinin mu biyun.

Inda na yi takaici shi ne gwajin Widal, wanda suka saka a dunƙulen da sunan gwajin taifod. Wani likita Bafaranshe mai suna Georges-Fernand Widal ne ya fito da shi a 1896, kuma abin da yake aunawa shi ne garkuwar da jiki ya haɗa, ba ya ganin ƙwayar cutar kanta. A ƙasa irin tamu, inda kusan kowa ya taɓa haɗuwa da wannan ƙwaya ko danginta ta ruwa ko ta abinci, garkuwar tana iya zama a jinin mutum yana cikin ƙoshin lafiya, kuma maleriya ma takan sa gwajin ya nuna abin da babu. A ƙa'ida ana ɗibar jini sau biyu ne, da tazarar kimanin mako biyu, a ga ko adadin ya ninka sau huɗu, hanyar da ta fi inganci kuwa ita ce a reni ƙwayar cutar daga jinin, abin da ake kira kalca. Widal ɗin nawa ya fito da alamar akwai taifod, alhali ba ni da zazzaɓi ko ciwon ciki, kuma an ja layi da jan biro a ƙarƙashinsa. Da na ɗauki wannan takarda na tsallaka shagon magani, da an haɗo ni da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki, in sha in ƙara galabaita, ainihin abin da yake damuna kuma yana nan. Na fahimci cewa jama'a ne suke neman gwajin da bakinsu, kuma lab ɗin da ya ƙi yi zai rasa ciniki, amma yin sa ga wanda ya nema daban, cusa shi ga mutumin da ba shi da zazzaɓi kuma daban.

Gwajin tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo, shi ma sai an biya daban, kuma ba a nan ake yin sa ba, Kano suke aika jinin. Sun faɗa mana haka tun farko, abin da na yaba, amma sakamakon ya wuce ranar da suka yi alkawari, kuma sai da muka bi sawu. Gwaji ne da ya cancanci a jira shi, domin idan aikin tayirod ya yi ƙasa mutum yakan yi nauyi, ya riƙa jin sanyi da kasala da taurin bayan gida, idan kuma ya yi yawa sai bugun zuciya da gumi da rama da rashin barci. Namu duka ya fito daidai.

Yadda suke miƙa sakamako yana bukatar gyara. Takarda ce cike da alƙaluma da gajerun haruffan Turanci, kuma mai miƙa ta ba ta da hurumin yin bayani. Ana kiran suna da ƙarfi a cikin jama'a, kuma na ji an tambayi wani dattijo a gaban kowa ko shi ne mai gwajin hanta, abin da bai dace ba a garin da kowa ya san kowa. Suna turawa ta WhatsApp ga wanda ya nema, kuma wannan ya fi rufin asiri.

Abin da ya ceci tafiyar tamu shi ne likitan da yake zuwa wurin bayan La'asar a wasu ranakun mako, wanda ganinsa yake da kuɗinsa daban, kuma babu allon da ya sanar da zuwansa, sai mai karɓar kuɗi ce ta ambata mana a kan hanyar fita. Ya fara da uwargidana, kuma bai rubuta magani ba sai da ya bi diddigin inda jinin yake tafiya. Ya tambayi yawan jinin al'ada, da tazarar haihuwa, da ko tana yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda sukan ci bangon ciki su jawo zubar jini a ɓoye, da ko tana ganin jini ko baƙi a bayan gida. Ya ce a duba bayan gidan saboda tsutsar ciki. Ya rubuta ƙwayar ƙarfe mai araha maimakon kwalaben da muka saba saye, ya gargaɗe ta cewa bayan gida zai yi baƙi kuma kada ta tsorata, ya ce ta ci gaba da sha kimanin wata 3 bayan jinin ya dawo daidai domin ma'ajiyar ta cika. Ya hana ta haɗa ƙwayar ko abinci da shayi, saboda ganyen shayi yana hana hanji tsotsar ƙarfe, ya ce lemo ko gwaiba su ne abokan tafiyarta, tare da hanta da wake da zogale.

Da ya zo kaina, ya ajiye takardun gefe guda ya juya wajen uwargidana ya ce, "Hajiya, ke zan tambaya, yaya barcin Malam yake?" An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan ciwo na kusa da mai ɗakin ne ya sani. Ta gaya masa cewa minsharina yana kaiwa tsakar gida, kuma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda yake yankewa ɗif, ƙirjina yana motsi amma iska ba ta shiga, har sai na yi wani gurnani na fizgo numfashi, sannan minsharin ya ci gaba. Ni ban san da ko ɗaya daga cikin wannan ba. Likitan ya ɗauko tef irin na tela ya zagaya wuyana, ya nuna mini cewa ya haura santimita 40, ya leƙa maƙogwarona da tocila, sannan ya sake auna hawan jinina da babban maɗauri, domin ƙaramin da aka yi amfani da shi da safe yakan ƙara adadi a hannu mai kauri. Duk da haka ya haura 140 bisa 90.

Bayanin da ya yi mini shi ne, idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro yakan saki, kuma ga mai ƙiba ko mai kaurin wuya ko mai manyan 'yan wuya hanyar iskar takan toshe gaba ɗaya. Idan tsayawar ta kai daƙiƙa 10 ana lissafa ta, kuma daga sau 5 a awa guda ake fara kiran abin ciwo, wanda ya haura sau 30 a awa kuwa nasa ya yi tsanani. A kowace tsayawa iskar oksijin takan ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, ta yadda zai yi awa 8 a kwance amma bai taɓa nutsawa cikin barcin da ke gyara jiki ba. Wannan firgitar da ake yi dare bayan dare tana tayar da hawan jini, tana dagula sukari, kuma wahalar da zuciya take sha tana sa ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta ƙara fitsari. Da wannan bayani guda ya haɗa mini ciwon kan safe da zaryar banɗaki da gyangyaɗin ofis da hawan jinin, kuma babu ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen jinin da na biya da zai iya nuna shi.

Ya tambaye ni abin da nake ci da sha don in kore gyangyaɗi, na ambaci goro da shayi mai kauri bayan Magariba. Ya ce kafeyin, wato sinadarin hana barci da ke cikinsu, yakan yi kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, don haka goron La'asar yana nan yana aiki a lokacin kwanciya. Ya ja kunnena sosai a kan diazepam da Piriton da sauran abin da mutane suke saye don su yi barci, domin suna ƙara sakin naman maƙogwaro kuma suna danne farkawar da ke ceton mai wannan ciwo. Ya kuma tambayi mu biyun, cikin ladabi da sassauta murya, ko akwai damuwar da take sa mu farka tun kafin kiran sallar farko mu kasa komawa, ko mun daina jin daɗin abin da muke so a da, domin ciwon damuwa yakan zo wa mutanenmu a sifar gajiya da ciwon jiki, kuma yana da magani. Ban taɓa jin an yi mini wannan tambaya a wani wurin duba lafiya ba.

Iyakar wurin ta bayyana a nan. Ba su da na'urar da ake kwana da ita don ƙirga tsayawar numfashi, saboda haka abin da likitan ya faɗa zato ne mai ƙarfi, kuma ya faɗi haka da bakinsa ya rubuta mini takardar turawa zuwa ga likitan ƙirji a babban asibiti. Ya yi mini bayanin na'urar CPAP, wadda wani likita mai suna Colin Sullivan ya fito da ita a Ostireliya a 1981, wadda take hura iska ta takunkumin hanci ta riƙe maƙogwaro a buɗe, kuma bai ɓoye mini cewa tana da tsada kuma tana bukatar wuta har gari ya waye ba, abin da yake nufin mai ita a Katsina sai ya tanadi batir ko sola. Kafin nan ya ce in riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine, in rage nauyi, in fara maganin hawan jini da safe domin wasu nau'o'insa suna ƙara fitsari, kuma in daina tuƙa mota zuwa Kano ko Daura ni kaɗai da rana tsaka har sai an shawo kan abin.

Game da kuɗi, dunƙulen ya fi araha a kan biyan gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya, amma idan aka ƙara feritin da tayirod da ganin likita, jimillar takan yi nisa da abin da aka rubuta a allo, kuma gara mutum ya san haka tun daga gida. Suna karɓar kati da tiransifa. Wanda aljihunsa bai da nauyi ya juya tsarin, ya fara ganin likitan, ya tafi da wanda yake kwana ɗaki ɗaya da shi da kuma duk magungunan da yake sha a cikin leda, sannan ya biya gwajin da aka rubuta masa kaɗai.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su tsaya a lab ba ko kaɗan. Wanda gajiyarsa ta zo da tarin da ya kai mako 2, da gumin dare da rama, ya nufi asibitin gwamnati inda ake gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, wadda ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, ko take farkawa tsakar dare numfashi yana neman gagararta, alamun raunin zuciya ne da aka daɗe da sanin yawansa a tsakanin masu jego a Arewa, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina ya kamata a kai ta a ranar, ba tare da jiran sakamakon wani gwaji ba.